Gidan sauro, igiyar leƙo, fiya-fiya ko raga: ina ya kamata kuɗin mai gida su fara tafiya?

Da zarar ruwa ya zauna a watan Yuni, kowane gida a ƙauyukan Kano da Jigawa yana fara kashe kuɗi a kan sauro, ko mai gida ya lissafa ko bai lissafa ba. Wani kullum da magariba sai ya aiki yaro shago ya sayo igiyar leƙo. Wani ranar kasuwa yake sayo kwalbar fiya-fiya wajen masu talla. Wani yana da gidan sauro tun rabon da aka yi, amma yana nan ƙunshe cikin ledarsa a ƙarƙashin gado, ko kuwa an kewaye 'yan tsaki da shi don gudun shirwa. Kaɗan ne suke kiran kafinta ya buga musu raga a taga. Duk waɗannan hanyoyi suna da abin da suke yi, sai dai aikinsu ba ɗaya ba ne, haɗarinsu ma ba ɗaya ba ne, kuma mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya haɗa su duka ba. Dole ya zaɓi wadda zai fara da ita.

Kafin a auna su, sai an san da wa ake faɗa. Sauron da yake hana mutum barci da kuka a kunne, mai fitowa daga masai da kwata da ruwan wanke-wanke, yawanci ba shi ne mai kawo zazzaɓin cizon sauro ba. Masana suna kiransa Kuleks, kuma ya fi son ruwa mai datti. Mai kawo maleriya shi ne Anofilis, macen cikinsu, kuma ita ba ta cika surutu ba. Idan ta sauka a bango za ka ga ta ɗaga bayanta sama kamar an soka tsinke a karkace, alhali wancan kwance yake zama daidai da bango. Tana zuba ƙwai a ruwan da rana take bugawa wanda bai yi datti sosai ba: gefen kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini, sawun kofaton shanu, sawun tayar mota, fadamar shinkafa. A zafin ƙasarmu, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 7 zuwa 10 ba. Cizonta ya fi yawa daga tsakar dare zuwa asuba, lokacin da gida ya yi tsit.

Saboda haka gida yana iya samun sauƙin kukan sauro amma yara su ci gaba da kwanciya zazzaɓi. Wannan ne ma'aunin farko, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi a bakin shago: shin abin nan yana kare mai barci har gari ya waye, ko kuwa yana ba shi damar fara barci ne kawai? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya a kan shekarar 2022 ya ɗora wa Nijeriya kusan kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da maleriya a duniya, da kusan kashi 31 na masu mutuwa, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ma'auni na biyu shi ne abin da maganin yake yi wa ƙirjin waɗanda suke kwana a ɗakin. Na uku kuɗi, ba na dare ɗaya ba, na damina sukutum. Na huɗu kuma, ko abin ya dace da yadda muke kwana, musamman da zafi.

Igiyar leƙo ce ta fi shiga gidaje, don kuɗinta na dare ɗaya ba ya ɗaga hankali. Maganin da ke cikinta ɗan kaɗan ne, bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Sauran garin katako ne da makamantansa da abin da ke haɗe su. Hayaƙin yana korar sauro, yana kuma kayar da wasu. Guda ɗaya cikakkiya tana ci kamar awa 7 zuwa 8. In an kunna ta bayan sallar isha'i, kafin kiran assalatu ta zama toka, sauro kuma yana nan da sauran aikinsa. Wannan ma in an kunna ta cikakkiya ke nan. A gidaje da yawa karya ta ake yi biyu, rabi ɗakin uwargida rabi ɗakin amarya, sai ta mutu da tsakar dare, daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Sai maganar hayaƙin. Wani bincike da aka wallafa a 2003 a kan irin waɗannan magungunan kunnawa na ƙasashen Asiya ya gano cewa guda ɗaya tana fitar da ƙananan ɓurɓushin hayaƙi daidai da na karan sigari 75 zuwa 137. Ba wai tabar ce a ciki ba, yawan ƙurar da ke shiga huhu ake nufi. Yanzu a ɗauki ɗakin ƙasa mai taga ɗaya 'yar ƙarama wadda aka toshe da tsumma, an rufe ƙofa, ga jariri, ga tsohuwa mai tari, ga uwar da ta wuni a gindin murhu tana shaƙar hayaƙin kara. Idan yaro yana da asma ko yawan mura, wannan kaɗai ya isa a cire ta daga ɗakin kwanansa. Kuma har yau masu bincike ba su samu ƙwaƙƙwarar shaida cewa tana rage yawan kamuwa da maleriya ba, ko da yake tana rage cizo muddin tana ci. Ga kuma gobara, in an ajiye ta kusa da katifar soso ko labule.

Ban ce a jefar da ita ba. Wurinta shi ne tsakar gida ko zaure, tsakanin magariba da lokacin kwanciya, sa'ad da ake cin tuwo, ana hira, yara suna karatun dare, iska tana kaɗawa. A nan gidan sauro ba ya da amfani, ita kuwa tana da shi. Haka nan ƙona ganyen darbejiya, ɓawon lemo, sarakkuwar sauro ko kwalin ƙwai: suna kora muddin hayaƙi yana tashi, hayaƙi na ɗaukewa sauro na dawowa. Ba su cin kuɗi, amma su ma huhu ne yake biya in an kai su cikin ɗaki.

Maganin feshi na gwangwani, irin su Raid da Mortein, ba sai an daɗe a kansa ba. Yana kashe sauron da ke cikin ɗaki a lokacin da aka fesa. A fitar da yara da abinci, a fesa, a rufe na ɗan lokaci kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, a buɗe iska ta shiga, sannan a kwanta. A ɗakin da ke da silin da raga yana aiki sosai. A ɗakin da ake hango taurari ta tsakanin bango da kwano kuwa asarar kuɗi ce, domin waɗanda za su ciji mutum ƙarfe biyu na dare ba su ma shigo ba tukuna. Kuma kada a haɗa shi da feshin bango da ma'aikatan lafiya suke yi gida-gida a wasu wurare. Wancan magani ne daban da ke manne a bango na watanni, aikin hukuma ne da kayan aiki da horo, ba abin da mai gida zai kwaikwaya da kwalbar kasuwa ba.

Kwalbar kasuwar nan ita ce ta fi damuna. Fiya-fiya tana da farin jini saboda dalilin da ba za a musa ba: tana kashewa. Sauro, kyankyaso, kuɗin cizo, tururuwa, duk da safe za a share su. Ga araha. Abin da ke cikinta yawanci sinadarin DDVP ne, wato dikulobos, shi ne kuma yake cikin Sniper. Maganin gona ne, an yi shi don a tsarma shi da ruwa mai yawa a fesa a fili, mai feshin yana rufe da hanci da hannu. Masu haɗa fiya-fiya suna zuba shi a tsofaffin kwalabe, wani ya gauraya da kananzir, wani da abin da shi kaɗai ya sani, babu takarda babu ma'auni. Kwalbar yau tana iya ninka ta makon jiya ƙarfi.

Yadda yake kashe ƙwaro haka yake taɓa mutum. A jikinmu akwai wani sinadari da ke tsayar da saƙon jijiya bayan ya isar da aikinsa. DDVP yana hana shi aiki, sai jijiyoyi su yi ta aika saƙo ba tsayawa. Shi ya sa wanda ya shaƙa da yawa ko ya sha za a ga yawu yana dalala, hawaye, gumi, amai, gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, naman jiki yana rawa, ƙirji ya cika da majina har numfashi ya gagara. Yana shiga ta hanci, ta baki, har ta fata. Yaro mai rarrafe ya fi kowa shiga haɗari, don shi ne yake dafa dandaɓen da aka yayyafa sannan ya kai hannu baki, kuma jikinsa ƙarami ne. Wani haɗarin shi ne kwalbar kanta: an zuba guba a robar lemo ko kwalbar maganin tari, an ajiye a bayan gado inda hannun yaro yake kaiwa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da manyan kantuna saboda yadda ake amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Wannan sinadarin ne kuma ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, don an same shi fiye da kima a cikin waken. Abin da wasu suka ƙi yarda a ga ɓurɓushinsa a buhu, mu muna yayyafa shi a inda jarirai suke kwana. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago.

In tsautsayi ya faru, a fitar da mutum inda iska take, a cire masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Abin da ya fito yana iya komawa huhu, musamman in akwai kananzir a ciki. Akwai allurar da ake yi wa irin wannan guba, atirofin, kuma a asibiti take.

Masu kare fiya-fiya sukan ce ba don sauro suke saye ba, don kuɗin cizo ne, kuma gaskiya kuɗin cizo masifa ne. Amma shi a tsagar bango da gaɓoɓin gado da ɗinkin katifa yake ɓuya da ƙwayayensa, zafi kuma yana kashe shi. Tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado, wanke zannuwa da ruwan zafi, shanya katifa da tabarma a tsakiyar rana, da shafe tsagar bango da sabon yaɓe, in aka maimaita su mako-mako na ɗan lokaci, suna yin abin da yayyafi ɗaya ba zai yi ba. Aikin ya fi wahala, ba shakka. A nawa lissafin dai fiya-fiya ba ta cikin jerin abin da za a zaɓa a ɗakin kwana, ko da kyauta ake ba da ita.

Gidan sauro mai magani shi ne abin da hujja ta fi ƙarfi a kansa, nesa ba kusa ba. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙauyukan Afirka, da aka tattara su wuri ɗaya, sun nuna yana rage mutuwar ƙananan yara da kusan kashi 17 cikin 100, yana kuma rage yawan kwanciya zazzaɓin maleriya da kusan rabi. Wani babban nazari na 2015 ya ƙiyasta cewa cikin duk kamuwar da aka kauce wa a Afirka tsakanin 2000 da 2015, kusan kashi 68 cikin 100 albarkacin gidan sauro ne. Kano tana cikin jihohin da aka fara rabon gida-gida da su a 2009, yanzu kuma ƙa'idar rabon ita ce guda ɗaya ga mutum biyu. Ana kuma bayarwa a wajen awon ciki da rigakafin yara in akwai shi a asibitin.

Aikinsa biyu ne. Yana tare sauro, sannan yana kashe shi. Numfashi da warin jikin mai barci ne suke jawo sauron, ya zo ya sauka a kan zaren da ke ɗauke da magani. Wannan kashewar tana da muhimmancin da ba a cika lura da shi ba. Sauron da ya sha jinin mai maleriya ba ya iya harba wa wani nan take, sai ƙwayar cutar ta yi kwana 10 ko fiye tana girma a cikinsa. Duk daren da ya fito neman jini ya tarar da gidan sauro, damarsa ta kai wannan kwanakin tana raguwa. Shi ya sa in yawancin gidajen ƙauye suna ratayawa, har wanda bai rataya ba yana samun sauƙi.

Ta fuskar kuɗi ma ba a haɗa su. An yi shi ya kai kamar shekara 3, ya jure wanki kusan sau 20, wato dare sama da 1,000. Daga Yuni zuwa Oktoba dare 150 ne ko kusa da haka. Mai gida ya ɗauki kuɗin igiyar leƙo ɗaya a shagon unguwarsu, ya ninka sau 150, ya sake ninkawa da yawan ɗakunan gidansa, sannan ya tambayi kuɗin gidan sauro a kasuwa. Abin da ya sa ake ganin kamar ya fi tsada shi ne a dunƙule ake biya.

To me ya sa ake barinsa a leda? Ƙorafin mutane ba na banza ba ne. Na farko ƙaiƙayi da zafin fuska in sabo ne. Maganinsa a warware shi a shanya a inuwa na awa 24 kafin a rataya, ba a rana ba, don rana tana lalata maganin. Na biyu zafi, kuma wannan ne babba. Wanda ya kwana a ɗakin kwano a watan Afrilu ko Mayu ya san ba wasa ba ne, ko cikin damina ma akwai daren da iska take tsayawa cik. Sai kowa ya jawo tabarma tsakar gida. Amma ba a ce gidan sauro sai da gado ko sai da ɗaki ba. Sanduna huɗu da aka kafa, ko igiyar shanya biyu da aka ja daga bango zuwa bango, sun isa a ɗaura shi a kan tabarma, a cusa gefensa a ƙarƙashinta ta ko'ina. In aka kafa sandunan sau ɗaya aka bar su, ɗaurawa ba ta cin minti biyar. Wanda yake da ƙaramar fanka mai caji ko ta sola, ya sa ta cikin gidan sauron. Kuɗin fankar nan ya fi amfani a kan kuɗin feshi.

Na uku, ana cewa na yanzu ba sa kashe sauro kamar na da. Akwai gaskiya a ciki. Masu bincike sun samu sauron da ya saba da maganin da aka fi sa wa gidan sauro, har a yankunan noman shinkafa na Kano da Jigawa, inda sauron yake girma cikin ruwan da maganin feshin gona yake gangarawa. Saboda haka aka fito da sababbi masu ƙarin sinadari, irin wanda ake rubuta PBO a jikin ledarsa, da masu magani iri biyu. In da zaɓi, a ɗauki waɗannan. Amma ko maganin ya yi rauni, zaren da bai yage ba yana nan yana tarewa. Abin da ya fi sauro mai taurin kai ɓarna shi ne huda: wadda ɓera ya ci, wadda kan ƙusa ya ja, wadda tartsatsin fitila ya ƙona. Allura da zare ne maganinta, tun tana ƙarama. Wanki kuwa ba kullum ba, sai ya yi datti, da sabulun sanda da ruwan sanyi, ba da bilic ba, a shanya a inuwa. Kada a wanke shi a kogi ko kududdufi, maganin yana kashe kifi.

Mai saye a kasuwa ya kula. Irin masu naɗewa da ƙarfe a jiki, da masu ado na gadon amare, da yawansu ba su da magani ko kaɗan. Sun fi babu, amma ba su kai wanda aka rubuta sunan maganinsa da ranar yinsa a leda ba. In gidan sauro bai ishi kowa ba, mai juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne a gaba, mai gida a baya. Na san a gidaje da yawa akasin haka ake yi, sabon ya tafi turaka, yara su samu tsohon.

Raga a taga da toshe kafofin ɗaki ita ce hanyar da aka fi rainawa, kuma a ganina ita ce ta biyu bayan gidan sauro. Anofilis tana da wata ɗabi'a: in ta biyo warin mutum ta ci karo da bango, sama take bi, har ta samu kafar da ke tsakanin kan bango da rufi. A ɗakin jinka wannan kafa ta zagaye ɗakin gaba ɗaya. A ɗakin kwano marar silin kowane lanƙwason kwano ƙofa ce. Tsohon ginin soro mai azara, wanda rufinsa yake haɗe da bango, ya fi su duka tsaro ta nan, saura taga da ƙofa kawai. A wani gwaji da aka yi a gidaje 500 a Gambiya, wanda aka wallafa a 2009, sa raga ya rage sauron da ke shiga ɗaki da kusan rabi ko fiye, yaran gidajen kuma suka samu sauƙin ƙarancin jini sosai.

Amfaninta shi ne ba ta bukatar kowa ya tuna da komai. Tana kare wanda yake zaune bai kwanta ba, da yaron da ya mirgino ya jingina da gefen gidan sauro, tana kuma hana ƙuda shiga su sauka a kan abinci. Nakasunta kuɗin farko, da kafinta, da ƙofa. Ƙofar da ake bari a buɗe har goma na dare, ko wadda ƙasanta ya cinye har kaza tana iya kutsawa, ta ɓata duk aikin. Ragar waya ta fi jure rana amma tana tsatsa. Ta roba ba ta tsatsa amma rana tana busar da ita ta farfashe. Wanda bai da kuɗin ko ɗaya, tsohon gidan sauron da ya yage ya wuce ɗinki, a yanka shi a ninka biyu a buga a taga da ƙananan katakai, ya fi a ba wa kaji. Kafar kan bango kuwa laka ce kawai da wunin aiki ɗaya.

Sai dai a nan akwai gargaɗi. Toshe kafa ba yana nufin a mayar da ɗaki tulu ba. In aka shafe kan bango aka kuma bar taga a toshe da tsumma, zafi zai ƙaru, mutane su gudu waje, ga cunkoso cikin ɗaki marar iska wanda ba a so, musamman lokacin sanƙarau. Duk kafar da aka toshe da laka, a rama ta da taga mai raga, in da hali biyu masu kallon juna don iska ta ratsa.

Gyaran ruwan da ke kwance shi ne wanda amfaninsa ya danganta da inda ƙauyen yake. A garuruwan tudu, irin na wajen Gumel ko Ɓaɓura da ke nesa da dam, wuraren da ruwa yake kwanciya ƙidayayyu ne, kuma da rani yawancinsu bushewa suke yi. A can, cike ramukan da aka ɗebi ƙasar gini, buɗe wa ruwan bakin rijiya da na famfo hanya, da kifar da duk wani kasko ko tsohuwar taya, yana rage sauro a zahiri, in unguwa ta haɗa hannu. Amma a Kura, Kadawa, Bunkure da Garun Malam, inda ruwan Tiga yake zagaya gonaki rani da damina, ko a Auyo, Guri da Kiri Kasamma cikin fadamar Haɗeja, mutum zai share gidansa fes sauro ya taso masa daga shinkafa, domin yana iya tafiyar kilomita ɗaya ko biyu. A irin waɗannan wurare gidan sauro ba kayan damina ba ne, na shekara ne, raga kuma ta fi cancantar kuɗinta fiye da ko'ina.

Duk da haka gyaran cikin gida ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko a bakin fadama. Marfi a bakin masai, murfi a kan randa da duro, da ramin da aka cika da duwatsu a bayan makewayi don ruwan wanka ya nutse maimakon ya kwanta a lungu, su ne suke rage mai kukan nan da ƙuda. Wannan yana da nasa tasirin a kan zaɓi, domin yawanci kukan sauro ne yake tura mutum sayen fiya-fiya. Baƙin man inji da wasu suke tuttulawa a kududdufi kuwa a bar shi, dabbobi suna sha a nan, rijiyoyi kuma ba su da nisa.

Akwai abu biyu da ba sa gasa da waɗannan, tare suke tafiya, kuma kyauta ne. Ɗaya maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, sau ɗaya a wata, yawanci daga Yuli zuwa Oktoba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, bayan gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwar yara da kusan kashi 75 cikin 100. Na ranar farko masu rabo ne suke bayarwa, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari, kuma a nan ake yawan yin sakaci. Ɗayan kuma Fansidar da ake ba mai ciki a wajen awo bayan ta wuce wata uku, aƙalla sau uku kafin haihuwa. In zazzaɓi ya zo duk da haka, a yi gwajin jini na ɗan yatsa tukuna, don ba kowane zafin jiki ne maleriya ba, in kuma ita ce a shanye maganin maleriya na kwana uku da aka rubuta a asibiti duka ko da yaro ya miƙe a rana ta biyu.

Idan aka ce in jera wa mai gida inda kuɗinsa za su bi, zan ce ya fara da ƙirga shimfiɗu, ba ɗakuna ba. Kowace shimfiɗa ta samu gidan sauro marar huda da wurin ɗaurawa a ciki da waje. In an samu rarar kuɗi bayan an sayar da amfanin gona, a yi aikin kan bango da taga da ƙofa da rani, kafin ruwan farko, a fara da ɗakin da yara suka fi yawa. Igiyar leƙo ta tsaya a tsakar gida, gwangwanin feshi ya jira sai ɗaki ya samu raga. Wajen ƙirgar kuma a haɗa da waɗanda ba a cika sa su a lissafi ba: samarin da suke kwana a shago, almajiran da ke zaure, tsohuwar da ke ɗakin baya ita da jikoki, da yaron da ake turawa gadin gona in shinkafa ta fara nuna. Na gona ya fi kowa shan cizo, kuma nasa gidan sauron sanduna huɗu kawai yake bukata a cikin bukka.